Gidan da Aka Turare Tabarmar Innata

Kafin wata ta shigo min da wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari in faɗa da bakina. Ban kama hayar gidan Alhaji Jabir don ɗakunansa tara ba. Ban kama shi don rijiyarsa da ba ta ƙafewa ba, ko don mangwaron tsakar gida da rassansa ke leƙa titi. Na kama shi ne don in rama. Mai niyyar zagina ta daure ta kai ƙarshe, sai ta zage ni da hujja.

Sunana Murjanatu, a gida Murja. A Warra aka haife ni, bakin ruwa. Babana masunci ne, Allah Ya jiƙansa, Innata kuma mai bandar kifi ce tun kafin a haife ni. Da kifi aka ciyar da mu, da shi aka saya min littafi har na gama difloma, kuma ban taɓa sanin abin kunya ba ne sai ranar da na taka gidan su Lukman.

Lukman ɗan Alhaji Jabir ne, na uku a gidan. Ma'aikacin lafiya ne, cikin masu bin tungayen tsibiri da akwatin rigakafi. A jirgin Kawu Dauda, ƙanen Inna, muka haɗu. Ya zauna gefena ya yi tsuru-tsuru, ya ƙanƙame katako da hannu biyu don tsoron ruwa.

Na ce, "Malam, saki jirgin ga, ba shi gudu shi bar ka."

Ya yi dariya, amma bai saki ba har muka kai gaɓa. Daga nan fa shi ke nan. Shekara biyu yana buga babur daga Yelwan Yauri zuwa Warra duk Asabar, ya zo fuska duk ƙura, da ledar tsire a aljihu. Na so shi, ba zan ɓoye muku ba. Irin son da ko sunansa aka ambata a kasuwa sai na waiwaya.

Da iyayensa suka dawo daga Makka, Inna ta ce ya kamata mu je barka da sauka, tunda magana ta fara nisa. Kwana uku tana bandar giwan ruwa da hannunta, ba ta bari kowa ya taɓa ba, har ya yi ja jawur yana maiƙo. Ta jera shi a sabon kwando, ta rufe da faifai. Ta ɗaura atamfarta mai ganyen kuka da ba ta fitowa sai Sallah. Ni kuma na sa leshi ruwan toka da mayafi fari, na fesa turare har Kawu ya yi atishawa a mota.

Hajiya Khadijat, mahaifiyar Lukman, tana zaune kan kujera a falonta. Fara ce, mai jiki, hannayenta sun sha jan lalle har wuyan hannu, zobe uku a kowane. Falon shimfiɗe yake da kafet, amma sai ta sa aka kawo mana tabarma aka shimfiɗa can bakin ƙofa. Inna ta gaishe ta a durƙushe, ta tura kwandon gabanta.

Hajiya ta ja ƙafarta baya. "An gode. Sai dai mu a gidan nan ba ma cin kifi."

A Yauri fa! Garin da yaro ke iya zare ƙaya kafin ya iya ɗaura wando. Na haɗiye, na ce wataƙila larura ce. Muka ɗan zauna, muka yi sallama. Muna bakin ƙofa, Inna ta sunkuya tana sa takalmi, sai muka ji muryar Hajiya tana kiran 'yarta, ba ta ko rage ta ba.

"Jamila, kawo kasko ki turare wurin nan. Tabarmar kuma a fitar da ita rana, ƙarni ya cika min ɗaki."

Na ga hannun Inna ya tsaya a kan igiyar takalminta. Na ɗaga kai na nemi Lukman. Yana tsaye jikin ƙofa, taku uku tsakaninmu, ya dukufa a kan wayarsa yana latsawa kamar bai ji ba. Kafin mu kai zaure hayaƙin turaren wuta ya biyo bayanmu.

A hanyarmu ta komawa Warra, da muka kusa gida Inna ta ce, "Murja, kin ga mangwaron gidan ga? Ya yi ɗiya ƙwarai." Wannan maganar ta fi zagi yi min ciwo. Bayan mako guda saƙon Lukman ya shigo: "Ki yi haƙuri, Hajiya ta ce a jinkirta maganar." Na goge lambarsa, duk da na haddace ta.

Shekara uku ke nan. A cikinsu na mayar da ɓacin raina kan sana'a. Inna da matan unguwarmu suna banda, ni ina riƙe da waya, ina ɗaukar hoto, ina neman masu saye. Yanzu kwalayenmu na zuwa Kaduna da Abuja da Anacha, mata goma sha ɗaya ke aiki a ƙarƙashinmu. Manema sun zo, har da wani mai gidan mai, duk na kore su. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Da hawan jininta ya matsa, likita ya ce ta riƙa zuwa asibitin Yelwa duk mako biyu, sai muka yanke shawarar mu koma gari da ita da ƙannena da iyalin Kawu. Na sa wani dillali, Gidaɗo, ya nemo mana babban gida.

Ranar wata Talata ya kira ni.

"Hajiya Murja, akwai wani gida, amma shina da girma. Ɗaki tara, zaure biyu, ga rijiya, ga mangwaro."

Tun daga mangwaron na kasa kunne. "Na wa na?"

"Na marigayi Alhaji Jabir. Ai kin ji ya rasu. Ɗiyan duk sun watse wurin aiki, babban, Haliru, yac ce a ba da haya kahin a yi rabon gado. Sai dai da sharaɗi biyu. Ba su ba mace, ba su ba gwauro, sai magidanci. Na biyu kuma, Hajiyag gidan tana takaba, saura kwana arba'in. Ba ta hita sai ta gama, don haka ɗakinta guda za a bar mata, sannan Haliru shi ɗauke ta zuwa Birnin Kebbi. Shi ya sa mutum uku sunka duba sunka hwasa."

Can ya ce, "Kina ji na?"

Ina jinsa sarai. Lissafi nake yi, kuma ba na kuɗi ba. Duk wadda ta taɓa zama da mai takaba ta san dokarta. Wata huɗu da kwana goma ba ta kwana a wani gida, ba ta ado, ba lalle, ba kwalli, ba ta kusantar turare. Wato matar da ta kore mu da kasko tana ɗaure a ɗaki guda, ba halin ta gudu, ba halin ta kunna ko tsinke ɗaya na turare.

Na ce, "Gidaɗo, kada ka nuna ma kowa. Gobe magidancin na zuwa."

Kawu Dauda bai so ba. Ya ce, "Ni hwa ba ni ƙarya, Murja. In yat tambaye ni su wa za su zauna, sai in hwaɗi." Na ce na yarda. Na sa tela ya kwana yana ɗinka masa shadda ruwan ƙasa, na saya masa hula zanna da takalmi sau ciki. Ya fito tsaf, har Inna ta ce ko takarar kansila zai tsaya.

Haliru bai taɓa ganina ba, balle Kawu. Ya karɓe shi a zaure, ya tambaye shi sana'a. Kawu ya ce yana da jiragen ruwa uku, kuma gaskiya ce. Ya tambaye shi asali, ya ce Ngaski, ita ma gaskiya ce. Ya tambayi masallacin da yake Juma'a, ya tambayi ko yana da saurayin ɗa mai tara abokai. Amma da aka zo kan mata sai ya ce kawai, "Iyali dai lahiya?" Kawu ya ce, "Lahiya lau." Shi ke nan. Wane namiji ne zai zauna a zaure yana tambayar ɗan'uwansa sunayen matan gidansa? Kunyar nan tasu ita ta buɗe min ƙofa.

Da Kawu ya kawo takardar yarjejeniya, sau uku na karanta ta. An hana kiɗa, an hana sare mangwaro, an hana fasa bango, an hana sa wani ɗan haya a ciki. Babu inda aka ambaci banda. Mun biya na shekara biyu.

Ranar tarewa na sa doguwar riga baƙa mai duwatsu, na ɗaura agogo, na yafa mayafi a kafaɗa ɗaya. Aka sauke gadaje, aka sauke kujeru da firji da tukwanen Inna. Na tsaya da kaina sai da aka sauke kaya na ƙarshe a tsakiyar tsakar gida, rabin duro baƙi ƙirin da ragar waya a kansa. Murhun bandar Inna ne na farko, wanda aka yi giwan ruwan nan a kansa. Labulen ɗakin kusurwa, inda Hajiya ke takaba, ya motsa.

Inna ko mayafi ba ta cire ba ta ce mu je ta'aziyya. Na bi ta, don ni ma ina da abin da nake son gani. Wallahi da a hanya ne da ban gane Hajiya Khadijat ba. Tana zaune a ƙasa kan tabarma, zane koɗaɗɗe, kunne ba 'yan kunne, ido fari fes ba kwalli. Ta rame. Hannayenta na cikin hijabi. Inna ta durƙusa kamar wancan karon, ta yi mata gaisuwa, ta yi wa mamaci addu'a mai tsawo. Hajiya tana amsawa, idonta na kaina.

Can ta ce, "Ku ne masu hayar?"

Na ce, "Mu na, Hajiya. Na shekara biyu."

Ta kau da kai. Jama'a, na ji daɗi. Daɗin da na ji ranar ko ranar da na fara aika kwali Abuja ban ji shi ba.

Kafin la'asar saƙo ya shigo wayata. Lambar da na goge ce.

"Murja, me ya sa?"

"Wa ke magana?"

"Kin san ni ne. Na zo gaida Hajiya na hango Inna. Hajiya takaba take, ba ta iya fita."

"Na sani. Shi ya sa."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Sannan: "Ban yi aure ba har yau, kin sani. Ban taɓa daina tunaninki ba."

Na rubuta, "Wayarka dai na nan lafiya? Wadda kake latsawa ranar nan."

Ya sauka daga layi. Ni kuma, tunda na yi alkawarin gaskiya, sai da na koma na karanta "ban taɓa daina tunaninki ba" ya fi sau goma, ina tsaki ina sake karantawa. Zuciya ba ta da kunya.

Matsalata ta farko ba daga Lukman ta zo ba, daga cikin ɗakinmu ta zo. Kullum da safe sai Inna ta dama kunun tsamiya, ta zuba a kwanon sha mai murfi, ta kai ɗakin kusurwa. Jamila tana gidan mijinta a Zuru, 'yan'uwan marigayi kuma sun daina zuwa tun sadakar arba'in, sai Lukman da ke leƙowa bayan ya tashi aiki. Rana ta farko kwanon ya dawo a cike. Rana ta uku ya dawo rabi. Rana ta biyar na tare Inna a bakin madafa.

"Inna, matag ga hwa ita tas sa anka turare inda kika zauna."

"Ban mance ba."

"To mi ya sa kike kai mata kunu?"

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Na yi takaba, Murja. Ke kina ƙarama, ba ki san yadda kwanakin ga ke ja ba. Na ga duron da kinka kawo, na san abin da ke ranki. Ba ni hana ki, kin girma, gidanki na. Amma hannuna ba shi taɓa kihin ga."

Na ce, "Ba sai kin taɓa ba. Ni ma ɗiyam masunci ta."

Rana ta bakwai, Alhamis, tun da sassafe na je bakin ruwa na sayo tarwaɗa daro biyu, manya, masu rai. Na ɗaura tsohon zane, na ja duron nan da kaina har ƙarƙashin tagar Hajiya, daidai inda iska ke kaɗawa. Na fafe kifin a wurin, na bar ruwan wankin ya malala ta ƙofarta. Ƙuda suka taru. Tagar a rufe take, amma na san zafin Yauri, ba za ta daɗe a rufe ba.

Ga inda na yi wauta. Na ce ni ɗiyar masunci ce, kuma haka ne, amma shekara uku rabona da banda da hannuna. Waya nake riƙewa, har farce na tara. Ga gaggawa, ga fushi. Itacen da na samu busasshe kaɗan ne, sai na haɗa da ɗanyen reshen da iska ta karyo. Na lanƙwasa kifin ina soke shi da tsinke yadda muke yi a Warra, rabi suna kuɓucewa suna miƙewa. Na jera su a raga tun ba su tsane ba, na hura wuta ta tashi. Mai ya fara ɗiga, wuta ta ƙara haukacewa, fatar kifin tana fashewa tana baƙi. Hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe ni, ina tari, hawaye na zuba. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ko motsi ba ta yi ba.

Na ji tagar ta buɗe. Na ce a raina, yauwa, shaƙi. Ta rufe. Ta sake buɗewa. Sai na ji ƙarar ƙofa.

"Ke! Rage wutag ga!"

Na waiwaya. Hajiya Khadijat ce tsaye, ba takalmi. Amma muryar ba tata ba ce. Matar da na sani Hausarta a goge take, irin ta rediyo. Wannan kuwa muryar matan bakin ruwa ce sak.

"Wa ka banda da halshen wuta? Ɗanyen icce kinka sa, kihin duk shi yi ɗaci! Kauce!"

Kafin in buɗe baki ta ture ni da gwiwar hannu. Ta zare itacen nan biyu ta jefar, ta ɗebi toka ta watsa, wutar ta kwanta ta koma garwashi. Ta kwashe kifin da bai ƙone ba ta mayar daro. Ta jawo 'yar kujerar da nake zaune, ta tattare hijabi ta cusa a wuya, ta zauna. Ta ɗauki tarwaɗa guda, ko kallon tsinkena ba ta yi ba. Ta lanƙwasa ta, ta ɗaga ƙayar gefen kanta da babban yatsa, ta soke wutsiyar a jiki. Kifi ya naɗe zagaye ɗas. Ta ɗauki na biyu. Na uku. Ban taɓa ganin hannu mai sauri haka ba, har cikin matanmu goma sha ɗaya.

A nan na ga hannayen. Lalle ya gama fita, zobba babu. Manyan yatsunta biyu da gefen tafinta duk tabo ne, ƙanana, farare, birjik. Na san tabon. Irinsa ne a hannun Inna, irinsa ne a hannun kakata. Ƙayar kifi ce ke barinsa, kuma ba a samunsa a shekara ɗaya.

Wata za ta ce a nan ne tausayi ya kama ni. Bai kama ni ba. Murna ce ta cika ni. Na goge hannu a zane, na ɗauko waya, na rubuta wa Lukman: "Zo ka ga Hajiyarka. Yanzu."

Daga ƙofar ɗakinta Inna ta yi magana a hankali. "Mutanen Shanga ka soke tarwaɗa da ƙayatta. Mu nan da tsinke muka yi."

Hannun Hajiya ya tsaya cak, kifi a ciki. Kamar sai lokacin ta farga da inda take. Ta dubi daron, ta dubi zanenta da ya jiƙe, ta dubi Inna.

Inna ta ce, "Tun randa nih hwara kai miki kunu na ga hannun. Ban ce ma kowa ba."

Hajiya ta ce, idonta a kan garwashi, "Wata tunga ta, bakin gulbi. Ubana masunci na, uwata mai banda. Alhaji na aiki Shanga yag gan ni. Randa anka kawo ni, ƙannensa mata sunka toshe hanci, sunka sa mani suna Mai Ƙarni. Kwanona daban, tabarmata daban. Da munka bar garin nir rantse ba mai sake sanin inda nih hito. Ko ɗiyana ce masu nike ni mutuniyag Gwandu ta."

Inna ta ce, "Allah Sarki."

Ni ban ce Allah Sarki ba. A raina cewa na yi, ashe kin san zafinsa, kin san shi ciki da waje, kika ɗauke shi da hannunki kika ɗora wa Innata. Da jahilci ne da sauƙi.

Hajiya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da soke kifin, don hannun ya ƙi zama. Tana kan daro na biyu aka yi sallama a zaure. Lukman ya shigo da sauri, rigar aiki a jikinsa, hular kwano a hannu, da alama ya zaci faɗuwa ta yi. Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya ga mahaifiyarsa, wadda tun yana yaro ko miyar kifi ba a dafawa a gidanta, zaune gaban duron banda, hannu dumu-dumu da yauƙi har gwiwa, kifi na naɗewa a yatsunta kamar wasa.

"Hajiya?"

Ba ta ɗago ba. Ta ƙarasa na hannunta, ta jera a raga, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta koma gefe ta tsaya, ta rasa inda za ta sa hannayen.

Ni kuwa na shiga ɗakina. Tun ranar da Kawu ya sa hannu a takarda na sayi sabon kasko da kwalbar turaren wuta mai tsada, na ajiye ƙarƙashin gado. Na fito da su. Na ɗebi garwashi daga murhun bandar, na zuba a kasko, na barbaɗa turare. Hayaƙi ya tashi, mai ƙamshi, irin na ranar nan sak.

Inna ta ce, "Murjanatu." Ba ta kiran cikakken sunana sai abu ya ɓaci.

Lukman ya ce, "Murja, don Allah."

Na dube shi. Ya rame shi ma, idonsa ya yi ja, kuma har yanzu yana da kyau, abin haushi. Na ce, "Duba wayakka."

Na sunkuya na zagaya kujerar da Hajiya ta tashi da kaskon. Sau ɗaya, sau biyu, a hankali, yadda kowa zai gani. Shekara uku ina hango wannan zagayen. Na jira kuka, ko zagi, ko ta daka min tsawa ta ce gidan mijinta ne. Duk na shirya amsarsu.

Hajiya ta ja da baya don kada hayaƙin ya taɓa tufafinta, saboda takaba. Ta kalli kaskon, ta kalle ni, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Ƙara, ɗiyata. Shekara talatin da biyar ina yi, ƙarnin bai hita ba."

Man kifi na ta ɗiga a garwashi. Na san idan na ajiye kaskon nan yanzu, shi ke nan, ta ci ni a karo na biyu. Na buɗe kwalbar na ƙara.

Lukman bai duba waya ba wannan karon. Ni yake kallo, ido cikin ido, kuma ban san sunan abin da ke fuskarsa ba. Ya wuce ni ya ɗebo ruwa a rijiya, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya shiga wanke mata hannu yatsa bayan yatsa, yana tsayawa a kan kowane tabo.

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗakinta, na zaci fushi ta yi za ta kwanta. Sai ga ta ta fito da tabarmarta a naɗe a hammata, da carbinta, da ledar magungunanta. Ta bi ta gabana, ta ratsa hayaƙin turaren, ta tsaya a ƙofar ɗakin kusurwa.

"Inna, ina za ki?"

Ba ta juyo ba. "Saura kwana talatin da ɗaya ta gama. Nan ni ka kwana. In kin ƙare turare kujera, ki zo ki turare tawa tabarmar, ta saba."

Ta kama hannun Hajiya, jiƙaƙƙe yadda yake, suka shiga, labule ya sauka. Lukman ya ɗauki hular kwanonsa ya tsaya a bakin zaure, bai fita ba, bai kuma shigo ba.

Kifin nan, in gaya muku, ya yi kyau. Ja jawur, yana maiƙo, irin na kwandon da aka ƙi karɓa. Ina rubutun nan yana gabana a raga ya huce, ba wanda ya taɓa ko ɗaya. Ban ce na yi nadama ba, kada wata ta sa min magana a baki. Na rama, kuma a gaban wanda nake so ya gani. Ɗaki takwas ne a hannuna yau, na biya har shekara biyu. Amma Innata, wadda na yi duk wannan dominta, tana cikin na taran, kuma ina jiyo su ta taga suna hira ƙasa-ƙasa a kan itacen da ya fi kyau da banda.